Mai Tsaron Baya

Muna neman aron hankalinku domin mu ba ku labarin wani abu da ya faru tsakaninmu, wanda har yau idan muka tuna sai mu sunkuyar da kai.

Mu tara ne, kuma shekara shida ke nan muna haɗuwa kowace safiyar Lahadi, bayan an fito daga sallar Asuba, a gindin wani dogonyaro da ke bakin hanyar da ta fita daga Damagaram ta nufi Mirya. A cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da ma'aikacin asibiti, da wani Alhaji mai fataucin hatsi, da makanike, da tela, da ma'aikacin ofis, da tsohon soja da ya yi ritaya, sai autanmu, wanda ya same mu tun yana lise, yanzu kuwa yana jami'a. Babu dangantakar jini tsakaninmu, ba kuma unguwarmu ɗaya ba. Keke ne ya haɗa mu. Asalin abin, likita ne ya gargaɗi Alhaji da ɗaya daga cikin malaman kan hawan jini da ciwon sukari, ya ce su motsa jiki. Suka gwada tattaki, ya gundure su, suka koma keke, sauran kuma muka riƙa liƙewa ɗaya bayan ɗaya.

Mun sha surutu da farko. A garinmu keke abin yaro ne, ko na wanda hannunsa bai kai ga babur ba, don haka ganin magidanci mai mota a gida yana tuƙa feda, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ya isa a tsayar da shi a tambaye shi: "Alhaji, lafiya? Ko motar ce ta lalace?" Iyalanmu ma ba su raga mana ba. Uwargidan ɗayanmu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda mutum ke tashi da duku-duku ya je neman wahala da kuɗinsa ba.

Irin wannan keke, wanda a Faransanci ake kira VTT, ya bambanta da Raleigh ko Phoenix da iyayenmu suka hau zuwa gona da kasuwa. Tayarsa mai kauri ce, mai kuraje da ke kama ƙasa, ƙarfensa gajere ne mai ƙwari, kuma yana da giya (ta inji muke nufi, kada mai karatu ya zabura): faranti uku masu haƙora a gaba, bakwai a baya, wato hawa 21, ta yadda idan an zo hawa sai a sassauta wa ƙafa, idan an samu miƙaƙƙiyar hanya a ƙara mata nauyi. Wasu matasa ne a jihar Kaliforniya ta Amurka suka faro wasan cikin shekarun 1970, suna gangarowa daga tsaunuka bisa tsofaffin kekuna da suka yi wa kwaskwarima, har ya kai ga shiga wasannin Olamfik a shekarar 1996 a birnin Atlanta. Namu kekunan duka ƴan gwanjo ne, waɗanda Turawa suka gama yayinsu aka sauke su a Kwatano a shekarun baya, makanikenmu kuma ya raya su.

Ba mu da tsaunuka irin na Azbin, inda dutsen Bagzan ya haura mita 2000. Abin da muke da shi su ne waɗannan manyan duwatsu masu sulɓi da ke jibge a Birni da kewayen gari kamar an ɗora wani bisa wani da hannu, da fako mai tsakuwa, da busassun ƙoramu, sai kuma rairayi, wanda shi ne babban abokin gabarmu. Ta kwalta kilomita 18 ne kacal zuwa Mirya, amma mu mukan bar kwaltar mu bi sawun amalanken shanu, mu zagaya ta ƙauyuka, har tafiyar ta kusa ninkawa. Wanda ya shiga rairayi ya damƙe birkin gaba, ko ya karya kan keke da ƙarfi, sai dai a ɗaga shi a kakkaɓe masa riga. Dabarar ita ce a rage wa taya iska kaɗan, a mayar da nauyin jiki baya, a sa giya mai sauƙi, a yi ta tuƙawa ba tsayawa. Ga kuma ƙaya: tsaida da ke kwance a ƙasa tana jira, ƙayar aduwa mai tsawon ɗan yatsa, da ƙarangiya da ke cika safa bayan girbi. Lokacin hunturu ne muka fi jin daɗi. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke wuce awo 40, dole kafin ƙarfe 10 kowa ya kasance a gida, kuma a nan muka san darajar gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya kuma fitar da shi da rani, daidai lokacin da matafiyi ke neman inuwa.

Abin da ya riƙe mu bai tsaya ga lafiyar jiki ba. A kan tudu babu mai muƙami. Alhaji, wanda a kasuwa yara ke rige-rigen ɗaukar masa jaka, sai ya sauka ya tura kekensa yana haki, yaron da bai kai sa'an ɗansa ba yana ce masa, "Baba, saura kaɗan, daure." Mutum ya faɗi a gaban ƴan uwansa, an yi masa dariya, an ɗaga shi, an ba shi ruwa daga gorar wani, bayan wannan babu sauran girman kai da zai kawo. Idan muka isa Mirya, ranar kasuwarta ce, mukan zauna kusa da masu tukwane mu sha fura da nono a ƙwarya ɗaya, a yi ta ba'a da musu kan wanda ya fara sauka a ƙorama. Mun ɗauka cewa wannan ita ce iyakar aminci.

Tela shi ne kullum na ƙarshe. Mutum ne mai ƙarancin magana, siriri, ya ba hamsin baya. A bayan sirdinsa akwai wani gwangwani ɗaure da roba, ciki da faci da sholisho da ƙananan sifanu, famfo kuma a jikin ƙarfe. Mun raɗa masa suna Hawainiya, bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Duk wanda tayarsa ta sace, kafin ya gama tsaki sai ya ga Tela ya iso ya durƙusa. Mun saba da haka har muka daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya ganin inuwarsa.

Wata Lahadi bai zo ba. Muka ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta biyu, muka ce sanyin jiki ne na tsufa. Wani ya kira wayarsa sau ɗaya, ba ta shiga ba, shi ke nan. Haka aka yi Lahadi biyar.

A ta shida, cikin watan Afrilu, muka isa Mirya, aka dama fura, har ƙwarya ta zagaya sau biyu kafin ma'aikacin asibitin ya ɗaga kai ya ƙirga mu ya ga mu bakwai ne. Babu auta. Muka juya a guje. Sai da muka koma wajen kilomita huɗu muka same shi yana tura keke cikin rana, ƙayar aduwa ta fasa masa tayar gaba a gangaren wata ƙorama, ya faɗi ya kurje gwiwa da kafaɗa, gorar ruwansa ta fashe. Bai yi mana ƙorafi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da Baba Tela na nan, da ba a bar ni ba." Tsohon sojan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a aikinsu ba a ba rago tsaron baya, sai wanda aka fi yarda da shi, ya ce shi da ya san haka ya fi kowa laifi.

A nan gindin gawo wani ya tambaya: wa ya san gidansa? Muka dubi juna. Shekara shida muna shan ruwa a gora ɗaya da mutum, mun san yadda yake haki, mun san ƙarar sarƙar kekensa, amma babu wanda ya san ƙofar gidansa ko sunan babban ɗansa. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Mu namu ƙafafun sun yi dubban kilomita, ba su taɓa takawa zuwa inda ya kamata ba.

Da la'asar muka je shagonsa a Zango, muka tarar da shi a rufe. Wani maƙwabcinsa ya raka mu gida. Ashe mai ɗakinsa ce ta kwanta, har aka yi mata aiki a asibiti. Ya fara sayar da keken hawa, kuɗin bai isa ba, ya sayar da wayarsa, daga baya ya jinginar da keken ɗinkin da yake ciyar da iyalinsa da shi. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya aika a kawo ruwa, yana ta ba mu haƙuri wai mun wahalar da kanmu. Malam ya ce masa, "Haba Malam Tela, me ya hana ka faɗa mana?" Ya ce, "Ai na san ranar Lahadi kuna hanya, sauran ranaku kuma kowa da hidimarsa." Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Ba mu daidaita nan take kan abin da za a yi ba. Alhaji ya so ya biya komai a daren, Malam ya ce a bi a hankali, kada a je gyaran gira a tsone ido, domin mutumin da ya ɓoye halinsa mako shida ba zai so a mayar da shi abin tausayi ba. A ƙarshe aka fanso keken ɗinkin, shi kuma ya kafe cewa bashi ne, yana kuma biya kaɗan-kaɗan har yanzu. Keken hawa kuwa makanike ne ya harhaɗa masa daga tarkacen da ke shagonsa, taya daga nan, birki daga can.

Tun daga lokacin muka sauya wasu abubuwa. Tsaron baya ya zama karɓa-karɓa, gwangwanin faci na bin mai aikin ranar, kuma ba a ɗaga ƙwarya sai an ƙirga kawuna. Sau ɗaya a wata tafiyar kan ƙare a gidan ɗayanmu, abin da ya sa matanmu suka san juna, har suna zuwa wa juna suna da biki ba da saninmu ba. Ba kowa ne ya ji daɗin haka ba. Ma'aikacin ofis ya ce shi ya zo ne ya huta da hidimomin mutane, ga shi mun mayar masa da keke wata ƙungiya mai tarurruka. Ya rage zuwa, kuma ba za mu ce maganarsa ba ta da kan gado ba, domin akwai wani sauƙi da muka rasa.

Mai ɗakin Tela ta samu sauƙi, shi kuma ya dawo hanya. Ranar da aka fara sauke masa gwangwani aka ce ya wuce gaba, sai ga Hawainiya ya bar mu da ƙura, auta ma da kyar ya kamo shi. Lahadin da ta wuce Alhaji ne ke baya, yana ta mita cewa famfon na bugun gwiwarsa. Da muka hauro fakon da ke gab da lambunan Mirya, mun tarar da Tela tuni ya isa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya juyo yana duban hanya, leɓɓansa na motsi yana ƙirga mu.