Wasan da Ba Shi da Ƙurunƙus

Karatu: Farawa 25:29-34; 1 Korantiyawa 6:12

 

Akwai wani wasan waya da ya shigo tsakaninmu, mu kuwa ba ma sonsa. Mun ga gara mu faɗa a fili tare da dalilanmu, da mu riƙa harara da gunaguni a bayan masu yinsa. Ba za mu kama sunansa ba don kada mu yi masa talla a banza, amma wanda ya sani ya sani. Shi ne wannan da aka gina a kan finafinan yaƙin sararin samaniya, mai jiragen sama jannati da takubban haske, wanda mutum kan shiga ta intanet ya haɗa runduna da mutanen da bai taɓa gani ba, su tasar wa wata rundunar. A nan, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, duk inda sabis yake kamawa za ka iske samari a shagon caji sun sunkuyar da kai, kowa yana ceton wata duniyar da babu ita.

Bari mu fara kawar da zato biyu. Ba mu ce wasa zunubi ba ne. Da langa da dara da ƙwallo muka tashi, har yau ma in an tashi sujada ranar Lahadi akwai masu buga ludo a gindin mangwaro, ba wanda ya ce musu uffan. Ba mu kuma bi bayan wasu iyayenmu ba, waɗanda in suka hango fuskokin halittun nan a waya sukan ce aljanu ne. Tatsuniya ce ta zamani. Wani Ba'amurke mai suna George Lucas ya fito da fim ɗin Star Wars na farko a 1977, labarin yaron ƙauye da ya bar gona ya tafi yaƙar azzalumar daula. Mu da muka sha labarin Gizo da Ƙoƙi a bakin kakanninmu ba mu da abin tsoro a nan.

Sai dai kowace tatsuniya tana da ƙurunƙus. In Kaka ta faɗi kalmar nan, kowa ya san lokacin barci ya yi. Dara ma in an cinye ka sai a watse. Ƙwallo minti 90 ne, alƙali ya busa, a koma gida. Wannan wasan kuwa ba a yi masa ƙarshe ba, kuma da gangan ne. Wannan shi ne tushen ƙin da muke yi masa.

Ku dubi yadda aka tsara irin waɗannan wasanni. Kullum akwai ɗan lada ga wanda ya leƙo, in ka tsallake yini guda ka yi asara. Ana ba ka wani ƙarfi da za ka yi wasa da shi, in ya ƙare ka jira 'yan awanni ya sake cika, in ya cika ba ka zo ka kashe shi ba, nan ma asara ce. Ke nan wasan ne yake yanka maka lokacin dawowa, kai kuma kana amsawa. Sannan ga rundunar da ka shiga, ita ma da nata lokacin yaƙi. In shugabanku yana zaune a birnin New York ya sa yaƙi ƙarfe 8 na dare agogonsu, a nan ƙarfe 1 ne ko 2 na dare, gwargwadon lokacin shekara. Shi zai gama ya kwanta a kan kari. Kai kuwa gari zai waye maka da ido ja, ga noman firi yana jira, ko ajin lissafi, ko sujadar safe. Damina ba ta san an yi yaƙi a sama jiya da dare ba. Wanda ya makara da maimai ko sa taki, masararsa za ta ba da labari da kaka.

Na biyu shi ne kuɗi. An ce wasan kyauta ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin George Lucas a kan kusan dala biliyan 4. Wanda ya zuba irin wannan dukiya a kan tatsuniya, kasuwa ya buɗe. Hanya ɗaya da wasannin zamani suke tatsar kuɗi ita ce akwatin sa'a: ka biya, a buɗe maka akwati, wataƙila ka sami jarumin da kake nema, wataƙila ka sami tarkace. Tun shekarun 1950 wani masani a Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya nuna cewa tattabarar da ba ta san sa'ad da tsaba za ta faɗo ba ta fi nacin saran maɓalli a kan wadda take samu a kowane sara. Dabarar da ke riƙe mutum a shagon cacar ƙwallo ke nan, sai dai a nan an sa mata sulke da takobi.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A watan Nuwamba 2017, da kamfanin EA zai fito da wasan Star Wars Battlefront II, masu son wasan da kansu suka yi masa ca a kan akwatunan nan, har kamfanin ya dakatar da sayayyar cikin wasan ana gobe za a sake shi kasuwa. A watan Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasannin da ta bincika caca ce a idon doka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta sani. Ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan, ta kuma ba da alamu uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa guda a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ba muna roƙon a kawo mana irin wannan doka ba ne. Muna dai cewa ƙasashen da suke ƙera waya da wasannin sun san abin da suka ƙera.

Ko wanda bai taɓa sayen akwati ba, yana sayen data, yana biyan kuɗin caji. Tun Janairu 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, kowa ya ji a aljihunsa. Mun kuma san inda kuɗin saurayin ƙauye yake fitowa: ƙodago a gonar wani, dakon buhu ranar kasuwar Kwanar Dangora, ko kazar da Inna ta sayar don a tara kuɗin jarrabawar WAEC. Da irin wannan gumi ake sayen takobin da ba zai yanke ko karan dawa ba.

Na uku, wanda ya fi mana ciwo, shi ne zumuncin aro. Runduna tana kama da zumunta ƙwarai. Akwai shugaba, akwai lokacin haɗuwa, akwai mai yaba maka in ka yi ƙoƙari, akwai mai tambayar ina ka shiga in ba a gan ka ba. Amma ka kwanta zazzaɓi mako biyu, ko wayarka ta faɗa ruwa, ka dawo ka ga ko suna nan suna jiranka. A yawancin rundunonin nan, wanda ya daina kawo maki cire shi ake yi a sa wani. Ba mugunta ba ce, haka tsarin yake. A can darajarka ita ce abin da kake ci musu.

Mu kuwa mun gāji gayya. Mun san ranar da ake taruwa a gonar gwauruwa a nome mata ba don za ta rama ba, da ranar da samari suke ɗaga jinkar tsohon da ba ya iya ko miƙewa. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ikilisiya jiki ɗaya ce, kuma gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya rabuwa da su. Ikilisiyoyinmu na ƙauye ƙanana ne. In samari uku ba su zo koyon waƙa ba, ranar Lahadi kunne zai ji giɓin. In mai karanta wa tsofaffi Littafi Mai Tsarki yana gyangyaɗi, ba wani a bayansa da zai karɓa. Zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuwa ba ta zuwa ko'ina muddin babban yatsa ne yake tafiyar.

Nan ne labarin Isuwa ya shafe mu. Ya dawo daga jeji a gajiye, yunwa ta ci shi, ya iske ƙanensa Yakubu yana dahuwa. Abincin nan ba guba ba ne, ba na sata ba ne, ba kuma abin da aka miƙa wa gunki ba ne. Abinci ne mai kyau, yunwar ma ta gaske ce. Matsalar tana wajen farashi: ya ba da matsayinsa na ɗan fari a bakin ƙwarya guda. Marubucin Ibraniyawa ya tuna mana cewa daga baya ya nemi albarkar da hawaye, amma ciniki ya riga ya faɗa. Shekarun ƙuruciya su ne gādonmu na ɗan fari. A cikinsu ake koyon sana'a, ake cin jarrabawa, ake haddace Maganar Allah, ake zama kusa da tsofaffi kafin su tafi da abin da suka sani. Ba wanda yake sayar da su rana ɗaya. Awa biyu yau, awa uku gobe, har ƙwaryar ta zama wayam.

Bulus kuma, a ayarmu ta biyu, bai tsaya jayayya da Korantiyawa a kan ko abu halal ne ba. Tambaya biyu ya sa a gabansu: yana da amfani? Kuma wa yake mulkin wani, kai ko shi? Da wannan mudu muke auna wasan nan, shi ya sa ba ma sonsa. Abin da yake tashe ka ƙarfe 2 na dare, ya yanka maka haraji, ya hukunta ka in ka yi fashi, ya wuce abin hutawa. Ubangida ne.

Mun saurari 'yan'uwanmu masu yinsa, kuma akwai gaskiya a bakinsu. Wani ya ce Turancinsa ya ƙaru. Wani ya ce da ya zauna a wurin shaye-shaye gara yana ɗaki da wayarsa. Wani ya ce a can ne kawai ake ce masa ya iya wani abu. Wannan na ƙarshen ya kamata kowane dattijo da kowane shugaban matasa ya ji shi da kunnen basira. Saurayi yana so a buƙace shi, a danƙa masa abu mai nauyi a ce ya riƙe. Masu wasan sun gane haka, suka sayar masa da inuwarsa. Aikin gaske kuwa yana nan a gabanmu jibge: yaran makarantar Lahadi da ba su iya haɗa baƙi ba, tsofaffin da ba su iya duba saƙon kuɗi a waya ba, gonar ikilisiya, fita bishara ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore. Wanda ya iya tsara mutum talatin su kai hari a waya, zai iya tsara gayya.

Saboda haka ba mu kafa wa kowa doka ba, ba kuma za mu tsaya a ƙofar majami'a muna binciken waya ba. Romawa sura 14 ta hana mu shari'anta juna a kan irin waɗannan al'amura. Roƙo muke yi, abu uku. Na ɗaya, ka gwada kwana bakwai ba ka buɗe shi ba. In ya zo maka da sauƙi, madalla, kai ne mai gida. In ka ji kamar ana jan ka da igiya, to ka san matsayinka, ka nemi ɗan'uwa ku yi addu'a tare, babu abin kunya a ciki. Na biyu, ka rubuta duk abin da ka kashe a data da caji da akwati na wata guda, ka ajiye shi gefen baikonka da kuɗin littattafanka, ka duba da idonka. Na uku, kowane wasa za ka yi, ka sa masa ƙurunƙus da kanka tun kafin ka fara, ka kuma gaya wa wani lokacin, don ya tuna maka.

Mai son taurari kuma, Allah ya ba mu su a yalwace. Mutanen birni hasken lantarki ya rufe musu sama, mu kuwa in sama ta washe bayan damina, daga bakin madatsar Tiga har duwatsun Riruwai, sai dai wuya ya gaji da ɗagawa. Ga Kaza da 'Ya'yanta can, waɗanda littafin Ayuba da na Amos suka ce Allah ne ya yi su. Ga Gamzaki da asuba, mai tashin manoma. Irin wannan sama Ubangiji ya fitar da Ibrahim waje ya nuna masa, ya ce ya ƙirga in zai iya, sa'an nan ya yi masa alkawari. Ba a biyan data kafin a kalle ta, in barci ya zo kuma ba ta cin kowa tara.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai da ka yi taurari ka kuma san kowannenmu da suna, ka koya mana darajar kwanakinmu. Ka 'yantar da duk wanda wani abu ya ɗaure a cikinmu, ko wasa ne ko wani abu dabam. Ka ba mu zumunta ta gaske, wadda take neman wanda ya ɓace, take jiran mai rauni. Kada ka bar mu mu sayar da gādonmu da araha. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.