Kowane Zazzaɓi Taifod Ne? Abin Da Na Gani A Hanyar Katsina

Tun kafin motarmu ta cika a tashar Ƙofar Ruwa da ke Kano, mai tallan maganin gargajiya ya riga ya jero mana cututtuka ta lasifika: basir, shawara, sanyi, sai taifod, wanda ya fi nanatawa. Kwalba ɗaya, in ji shi, ta ishe su duka. Lokacin kaka ne, ruwa ya fara ɗaukewa amma sauro bai tafi ba, kuma a irin wannan lokaci da wuya ka shiga mota ba ka tarar da majinyaci ko mai zuwa dubiya ba. Katsina na nufa, da niyyar yada zango a hanya, don in ji abin da mutane ke nufi idan sun ce taifod ke damunsu.

Ban sha wahalar nema ba. Muna wuce kasuwar hatsi ta Dawanau wata dattijuwa da ke kusa da ni ta kwance ƙullin magunguna tana neman ruwa. Na miƙa mata, na ce, "Sannu Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi ɗana, taifod ne, duk shekara sai ya taso mini." Nan hira ta ɓarke. Wani magidanci ya ce nasa a gaɓoɓi yake zama. Direba ya ce shi da ya ji kasala da ɗacin baki ya san shi ne, sai ya je a sa masa ƙarin ruwa. Wani matashi ya ce "maleriya da taifod" aka rubuta masa, yadda ake rubuta wa kowa. A wurinsa su biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Har muka kai Bichi babu wanda ya ambaci ruwan sha.

A da akan ce masassara, ko janti, ko zazzaɓi, mai jin ciwon ya faɗi yadda jikinsa yake, a bar wa mai magani ya gano musabbabi. Yanzu wannan suna na Turanci ya shige ko'ina, kuma yana zuwa da nauyin asibiti a kansa. Wanda ya ce yana zazzaɓi, za a ce ya sha farasitamol ya kwanta. Wanda ya ce taifod ne, an san ciwo ya yi tsanani, za a ɗaga masa ƙafa a wurin aiki, 'yan'uwa su zo gaisuwa. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa sunan ya samu karɓuwa haka.

A Kankiya na sauka. Na zauna a benci a gaban wani kemis, mai shagon ya karɓe ni hannu biyu. Yana da 'yan kwalabe na gwaji da faranti fari. Yakan ɗiga ruwan jinin mutum, ya ɗiga sinadari, ya juya, cikin 'yan mintuna ya rubuta lambobi a takarda. Cikin waɗanda na ga an gwada, da ƙyar wani ya tashi ba a ce yana da taifod ba. Na ce, "Malam, kai ka yarda da wannan gwaji?" Bai ɓoye mini ba. Ya ce mutane ba sa son a sallame su hannu rabbana. Idan ya ce a je gida a huta, shagon gaba za su shiga.

Gwajin nan sunansa Widal, sunan wani likitan Faransa, Georges-Fernand Widal, wanda ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba. Abin da yake aunawa shi ne martanin da jini ya taɓa mayarwa ga ƙwayar ko ga danginta. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa shan gurɓataccen ruwa tun yana yaro, jinin lafiyayye ma zai iya nuna alama, kuma maleriya kanta tana iya ɗaga lambobin. Asalin ƙa'idarsa a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta hau. Wa ke yin haka a kemis? Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a raini ƙwayar daga jinin majinyaci har ta tsiro a ɗakin gwaje-gwaje, aikin da ke cin kwanaki, yana buƙatar na'ura da wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararren ma'aikaci. Ga maleriya kuwa akwai ɗan gwajin yatsa mai sauƙi da araha, wanda ya fi Widal gaskiya nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cututtukan da ke ɓuya a ƙarƙashin wannan suna. Tarin fuka yana farawa da zazzaɓin dare da rama. Ciwon mafitsara yana kawo zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, sau da yawa sai an gama yi masa maganin maleriya da na taifod kafin a farga. Duk makon da aka ɓata ana ɗirka wa mutum allurar da ba tasa ba, ciwon gaskiya yana ƙara cin jiki.

Da na isa Katsina na shiga wani asibitin gwamnati, wata ma'aikaciyar jinya ta zaga da ni ɗakin yara na masu tiyata. A nan na ga taifod na ainihi. Wani yaro da bai fi shekara tara ba yana kwance, an yi masa aiki a ciki, mahaifiyarsa na yi masa fifita. Daga ƙauye suka zo. Ya ɗauki makonni yana zazzaɓi, ana saya masa ƙwayoyi ɗaiɗai, sai ranar da cikinsa ya kumbura ya yi tauri aka ɗauko mota. Na ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya." Ta amsa da amin, idonta na kan yaron.

Ma'aikaciyar ta yi mini bayanin yadda abin ke faruwa. Ƙwayar, wadda masana ke kira Salmonella Typhi, a jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa. Tana fita ta bahaya, ta koma bakin wani ta ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Zazzaɓin yana hawa kullum, ba ya saki. Idan ba a samu maganin da ya dace ba, wajen mako na uku tana iya huda ƙarshen ƙaramin hanji, ƙazanta ta zube a cikin ciki, daga nan sai wuƙar likita. Wasu kuma sukan warke amma ƙwayar ta maƙale a matsarmamarsu, su ci gaba da yaɗa ta ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 9 ne suka kamu a duniya, kimanin 110,000 suka mutu, kuma yara ne suka fi shiga haɗari.

Akwai wata ɓarnar da ke tafe a hankali. Duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, ko aka sha rabi aka ajiye don jiki ya yi sauƙi, ƙwayoyin suna koyon jure masa. A 2016, a birnin Haidarabad na lardin Sindh a Pakistan, wani nau'in taifod ya ɓulla wanda ya gagari kusan duk magungunan da aka saba, har da ciprofloxacin da allurar ceftriaxone, su ne kuwa na ga ana miƙa wa mutane a kemis ba tare da takardar likita ba. Pakistan ta sa sabon rigakafin taifod cikin rigakafin yaranta a 2019, Laberiya da Zimbabuwe suka bi a 2021, Malawi a 2023. Biranen Amurka kuwa tun farkon ƙarnin da ya wuce suka karya lagon cutar, ta hanyar tace ruwan famfo da zuba masa sinadarin kulorin, tun ba a ƙirƙiro maganinta ba.

Da yamma, a wata unguwa a bayan gari, na tsayar da wani ɗan garuwa yana tura kurarsa cike da jarkoki. Na tambaye shi inda yake ɗebowa. Ya ce idan akwai wuta, a rijiyar burtsatse. Idan babu, akwai wata rijiya a wani kango da ba a biyan kuɗi. Na roƙe shi ya kai ni. Rijiyar ba ta da murfi, gugar tana yashe a ƙasa, kuma taku kaɗan ne tsakaninta da masan gidan da ke maƙwabtaka. Ya ce gidaje da yawa a layin daga nan suke sha, har da wata makarantar allo da wata mai sayar da kunun zaƙi. Na tambaye shi ko ya san taifod. Ya ce ƙwarai kuwa, bara ya yi shi, rana ce ta yi masa yawa.