Ranar da Muka Ɗaga Motar Babana

Idan ka taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Kachiya da Kafanchan, lalle ka wuce ta Mararaban Rido, kusa da matatar mai. A can na tashi. Babana yana da tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Da ita yake ɗauko busasshiyar citta daga Kachiya, da kuɗin cittar kuma yake biya mana makaranta.

Yau da gobe, nauyin kaya ya sa sifirin na baya ya saki, bayan motar ya zauna. Ko ƙaramin rami ta faɗa, sai ka ji salansa ta daki ƙasa. Wata rana da damina salansar ta ɓalle, muka kwana a hanya, ruwa ya jiƙa buhu biyu.

Da muka je gareji, bakanike ya ce, "Baba, in cusa roba ta ɗaga? Ta fi araha." Babana ya ƙi, domin roba ba ta mayar wa ƙarfe ƙarfinsa. Ya sayi sifirin mai kauri guda biyu, dama da hagu, don kada motar ta karkace.

Ta ɗagu kuwa, har ina iya shiga ƙarƙashinta. Amma ka sani, mota mai tsayi tana karkata a kwana, dole a rage gudu. In babu kaya kuma, sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Da mamana ta koka da ciwon baya, sai babana ya ajiye buhun yashi a but.