Waƙa Mai Ɗingishi: Tunawa da Wani Hutun Damina a Kosodo

A Burkina Faso dogon hutun makaranta tare yake zuwa da damina. Kafin watan Yuli ya yi nisa an rufe azuzuwa, ba a komawa sai farkon Oktoba. A shekarar da zan shiga ajin ƙarshe na lise, ɓangaren adabi, malaminmu na Faransanci ya rubuta mana sunayen littattafan da yake so mu karanta kafin mu dawo. Akwai Crépuscule des temps anciens na Nazi Boni, wanda ya fito a 1962, da L'Enfant noir na Camara Laye, sai waƙoƙin Victor Hugo da na Baudelaire da na Senghor. Ya ce duk wanda ya yi barci a hutun nan, jarrabawar bak ce za ta tashe shi. Na kwafe sunayen, na nufi gida da kyakkyawar niyya.

Gidanmu a Kosodo yake, can arewa maso gabashin Wagadugu, unguwar masana'antu da babbar mayanka. Ba can ne asalinmu ba. A Zangwetin aka haife ni, tsohuwar unguwar Hausawa ta tsakiyar birni, wadda aka tashi mutanenta a 2003 domin sabunta wurin. Jama'a suka watsu, kowa ya kama gabansa. Mahaifina, da yake fatu da ƙiraga ne sana'arsa, ya zaɓi kusa da mayanka. 'Yan gidajen Hausawa da muka haɗu a can, mu ma zango muke ce wa layinmu, amma sunan kawai ya biyo mu. A Zangwetin yaro da Hausa yake tashi, da ita yake kwana. A Kosodo kuwa, da ka fita ƙofar gida harshen Mosawa ne, da ka shiga aji Faransanci ne. Hausa ta koma harshen aike da na gaisuwa.

A makon farko na hutun kawuna ya sauka a gidanmu. Direban babbar mota ne, yana zirga-zirga tsakanin Wagadugu da Maraɗi. Ya saurari hirata da ƙannena na ɗan lokaci, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, Hausarka ta sha ruwa." Kafin ya tafi ya zaro wani siririn littafi daga jakarsa ya miƙo mini, bangonsa duk ya sha man inji. Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja ne, bugun Zariya. Ban taɓa riƙe littafin waƙoƙin Hausa ba sai ranar.

Na tunkari littafin da makamin da aka ba ni a makaranta. Shekara biyu ana koya mana cewa shahararren ma'aunin waƙar Faransanci gaɓa goma sha biyu ne a kowane ɗango, da ɗan tsayawa bayan ta shida. Mun ƙware a ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. Haka na yi wa Mu'azu. Na ƙirga wannan ɗango, na ƙirga na ƙasansa, lissafi ya ƙi fita daidai. Amsa-amo dai na gan shi da idona, tun da a ƙarshen ɗango yake zaune, amma awo ban same shi ba. Sai na yanke hukunci irin na ɗan shekara goma sha takwas: mawaƙan Hausa ba su san ma'auni ba, ƙarshen layi kawai suke daidaitawa. Har na ji wani ɗan tausayinsu. Yau idan na tuna, kunya takan kama ni.

Da safe kuma ina rumfar mahaifina, muna zuba wa fatu gishiri muna jera su. Shi a wajensa hutu lokacin taimakon iyaye ne. Littattafan Faransanci ya yarda da su, saboda ya san jarrabawa na tafe. Na Hausa kuwa, da ya gan shi a hannuna, tambaya ɗaya ya yi: "Wannan ma ana ba da maki a kansa?" Na ce a'a, Baba. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma na gane.

Wata rana cikin Agusta aka wuni ana ruwa, ba damar fita. Na shiga ɗakin kakata, wadda muke kira Hajiya, domin nata ne ba ya yoyo. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ni kuma na buɗe littafin ina karantawa a bayyane, irin karatun da ake yi wa jarida. Ban yi baiti uku ba ta ɗago kai.

"Maigida, wace ce wannan mai ɗingishi da ka shigo mini da ita?"

Na ce, "Waƙa ce, Hajiya. Haka mai ita ya rubuta ta."

Ta ce, "Ba haka ya rubuta ba. Ba a haifi waƙa da ɗingishi, a hannun mai riƙo take karyewa. Ce mini baƙi."

Na ce baƙi.

"Wanne? Na gindin tukunya, ko waɗanda suka sauka a zaure, ko kuwa wanda kake cin tuwo da shi? Ni dai duka ukun abu ɗaya na ji a bakinka."

Gaskiyarta. Ni da tsararrakina mun daɗe da narkar da ƙ ta koma k, kuma wasulanmu duk tsawonsu ɗaya. Baki na cin tuwo, da baƙi na launi, da baƙi na zaure, duk sun zama kalma guda a harshenmu, sai dai mai sauraro ya laluba. A kasuwa wannan ba ya hana ciniki. A waƙa kuwa shi ne komai.

Hajiya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ba ta kuma taɓa jin sunan Mu'azu Haɗeja ba. Amma ta tashi cikin Ishiriniya ta daren Mauludi, da waƙoƙin wa'azi, da na daka da na niƙa. Sai ta ce in riƙa ba ta kalmomin ɗaya bayan ɗaya. In faɗa, ta maimaita yadda ya kamata, ta ja inda ake ja, ta datse inda ake datsewa. Da ɗango ya cika sai ta yi ta gunguni da shi, tana buga yatsa a gefen ƙwarya, har murya ta zauna masa. Da ta samu muryar baiti na farko, sauran baitocin suka bi ta kamar tumaki sun ga ƙofar garke. Ɗangogin nan da na ƙirga suka ƙi daidaita, ga su sun shiga awo ɗaya, babu wanda ya yi saura. Har aka ɗauke ruwa ban sani ba.

Abin da kunnen Hajiya ya sani, limamin masallacin layinmu ne ya nuna mini shi da ido. Na kai masa labarin bayan sallar la'asar, ya yi murmushi, ya ɗauki alƙalami ya rubuta gari na mutane da gari na tuwo da ajami. A na biyun ya ƙara alif. Ya ce a ajami dogon wasali yana da gurbinsa, alif ko wawu ko ya, boko ne ya bar wa mai karatu ya cika da kansa. Abin ya ba ni mamaki, domin ko harshen Mosawa da nake gani a rubuce, ninka wasali ake yi idan dogo ne, kamar a kalmar naaba. Ashe rubutun boko na Hausa an yi shi ne domin wanda ya riga ya iya harshen, ba domin ɗan zango irina ba.

Daga nan ne na fahimci inda lissafina ya kuskure. Waƙar Faransanci yawan gaɓoɓi take ƙirgawa, rubutacciyar waƙar Hausa kuwa nauyinsu take aunawa. Gaɓa mai baƙi da gajeren wasali, kamar ta farko a gida ko a ruwa, marar nauyi ce. Gaɓa mai dogon wasali, ko tagwan wasali kamar kai da sau, ko wadda baƙi ya rufe kamar har da nan, mai nauyi ce. Jerin masu nauyi da marasa nauyi shi ne karin waƙa, kuma a wasu ma'aunan gaɓa biyu marasa nauyi sukan tsaya a madadin mai nauyi guda. Shi ya sa ɗango biyu za su bambanta a yawan gaɓoɓi, amma a baki su ɗauki lokaci ɗaya. Liman ya lissafa mini sunayen ma'aunan Larabawa da malaman Hausa suka aro, Kamil da Wafir da Basiɗ da Ramal da Rajaz da sauransu, ya ce Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya fara tsara su. Ban riƙe su duka ba a lokacin. Abin da na riƙe shi ne fensir: ɗan layi a kan gaɓa mai nauyi, ɗan ƙugiya a kan marar nauyi, amma sai bayan na ji kalmar daga bakin Hajiya.

Shi ne kuma ya fara ambata mini Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, wanda ya yi waƙa a kan talauci da kuma zuwan Nasara. Hanyar fataken goro zuwa Gwanja ta ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa, wato mu mutanen zango ba 'yan kallo ba ne a wannan fage. Na ji daɗin wannan fiye da yadda na nuna masa.

Bayan shekaru, da na shiga nazarin Hausa sosai, na tarar da ɗalibai da yawa sun haddace matakan da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Suna iya fitar da jigo su warware shi, su yi maganar zubi da tsari, su ce wannan ƙwar biyu ce waccan ƙwar biyar, su zaƙulo kamance da siffantawa. Amma ka ce su rera baiti ɗaya, sai a fara kallon ƙasa. Laifin ba na littafin ba ne. A ganina feɗe waƙar da ba ka taɓa ji a bakinka ba kamar sayen fata ne a cikin buhu, mahaifina kuwa bai taɓa biyan kuɗin fatar da bai shimfiɗa ya shafa ba. Ɗalibin Kano ko na Katsina yana da gatan da ban samu ba, domin tsawon wasali a nonon uwa ya sha shi, amma shi ma idan ya yi karatun zuci kawai, gatan bai amfane shi ba.

Cikin Satumba na iya rera Birrul Walidaini, waƙar Mu'azu ta biyayya ga iyaye, da muryar da Hajiya ta sa mata. Wani dare ina yi a tsakar gida, ban san mahaifina yana bakin ƙofa da buta a hannu ba. Ya tsaya har na kai aya. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na gaya masa. Ya ce, "Allah Ya jiƙansa," ya wuce. Washegari da asuba bai tashe ni zuwa rumfa ba, ƙanena ya tafi da shi. Jibi kuwa ya tashe ni kamar kullum.

Da aka koma makaranta muka fara da Senghor. Malam ya nuna mana yadda yakan rubuta a saman wasu waƙoƙinsa kayan kiɗan da za a raka su da shi, kora ko balafon, ya tambayi dalili. Ni kaɗai na ɗaga hannu, na yi bayani har ya ce ya isa. Mako na gaba ya yi mana gwaji a kan littafin Nazi Boni, wanda na tsaya a babi na uku tun Yuli. Na samu bakwai cikin ashirin.