Kanta Mai Jingina

Yawancin abin da kafinta ke haɗawa da ƙafarsa yake tsayawa. Tebur ƙafa huɗu, kujera ƙafa huɗu, gado ma haka. Kanta mai siffar tsani kuwa ƙafa biyu gare ta, sauran tsayuwarta bango ke riƙe mata. Shi ya sa samarin unguwa da ke leƙowa ɗan shagon da na ware a gida tun da na bar aikin koyarwa suke raina ta: dogayen katako biyu, alluna huɗu ko biyar a tsakani, shi ke nan. In don yanka da haɗawa ne, yini guda ya isa. Amma kafin a kai ga zarto akwai aikin da ba a gani, kuma shi ke raba kantar da za ta kai ga jikoki da wadda za ta karkace kafin damina ta zagayo.

Daga kasuwa abin yake farawa. Mafi yawan katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa daga dazukan kudu yake zuwa, sau da yawa da ruwansa a jiki. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka ɗora tafin hannu ka ji sanyi. Katako ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a kula da shi, amma a faɗi yana tsukewa sosai. Allo mai faɗin inci 12 da aka saya ɗanye, in hunturun Kano ya bi ta kansa, zai iya rasa kwatan inci ko fiye, ya kuma lanƙwashe. Don haka nakan jera shi a inuwa, in sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, in danne da bulo, in bar shi ya yi makonni. Malaina ta fi kowa taurin kai a nan: bayanta ya bushe, cikinta na jiƙe. Obece ba nauyi, da daɗin fiƙa, amma ba ya riƙe kusa kuma ƙwari na son sa. Ni dai madaci nake so a ƙafafun. Madobiya da muka taso muna gani kuwa ta zama sai labari. An yi ta sare ta ana lodi zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna yadda ta ƙare a idonmu.

Sai karkata. Tsanin da ake hawa, ƙa'idarsa ita ce a kowace ƙafa huɗu ta tsawo a janye gindinsa ƙafa ɗaya daga bango. Kanta ba ta bukatar haka, tunda ba mutum za ta ɗauka ba, kuma ɗaki ba fili ne da shi ba. Ɗaya cikin shida ya wadatar, wato kusan digiri 10: in tsawonta ƙafa 6 ne, gindinta ya bar bango da ƙafa ɗaya.

Wannan lissafin takarda ne. Wani yaron maƙwabta da ke taya ni riƙe katako ya zo da zanen da ya samo a waya, da kusurwa a rubuce, yana ɗokin mu yanka. Na ce ya ɗauki ƙafa ɗaya mu tafi ɗakin da kantar za ta zauna.

"Baba, ai ga awon nan a rubuce."

"Wanda ya rubuta ya taɓa shiga ɗakin nan?"

Muka jingina katakon a inda zai tsaya. Na kwantar da guntun allo a ƙasa, gefensa na gogar ƙafar, na ja fensir a kansa. Layin da ya fito shi ne yankan gindi, daidai da daɓen ɗakin yadda yake. Na manna guntun a jikin bango daga sama, na sake ja, yankan kai ke nan. Da yaron ya gwada layin da na zanensa, sai ga bambanci ya kai kaurin fensir. Bai ce komai ba, ya dai ƙura wa bangon ido, sannan ya shafa shi da hannu, ya ji tumbin da filasta ta yi a tsakiya. Bangon bulo ba kasafai yake miƙewa sak ba. Na ƙasa kuwa, irin na tubali da ke cikin birni, da gangan magina suke yi masa kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, don haka shi kansa a kishingiɗe yake.

A shekarun da na yi cikin mutane, ban ga wanda ba a jingine yake ba. Wani da albashi, wani da ubangida a kasuwa, wata da ɗanta da ke aiki a Abuja. Ban taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba, haka Allah ya tsara zaman duniya. Waɗanda na ga sun sha ƙasa, yawancinsu ba su taɓa tsayawa sun duba abin da suka jingina da shi ba: nawa zai iya ɗauka, ina yake da rauni, yaushe zai gaji. Sun auna bukatarsu, ba su auna mutumin ba. Na ga abokan aiki da suka ci bashi a kan kuɗin sallama da ba su shigo hannu ba, na ga irin shekarun da suka biyo baya. Har yau ina jin tausayinsu.

Sauran aikin ba wuya. A haɗa ƙafafun biyu a ɗaure, a yanke su tare, don kada ɗaya ta fi ɗaya. Layin kowane allo ya bi layin gindi. Nakan fafe gurbi a jikin ƙafar, zurfin kwatan inci, allon ya shige ya zauna, saboda katako ya ɗauki kaya, ba kusa ba. A shafa gam, a huda ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru, in ba haka ba madaci zai tsage a baki. Allunan suna ƙara faɗi ana sauka: na sama inci 6, na ƙasa ya kai 14. Kada tsakanin ƙafafun ya wuce ƙafa biyu da rabi in littattafai za a ɗora, don takarda tana da nauyin da mutane ba sa zato, kuma allon zai yi ciki a hankali.

Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, domin su ne ke danne ƙafafun. Alƙur'ani dai wurinsa sama, wannan ba a tattauna shi, kuma guda ɗaya ba zai dame ta ba. Manyan mujalladai su sauko. Saboda su nake ɗaga allon ƙasa ya bar daɓe da ƙafa guda, don kada littafin ilmi ya zauna kusa da takalmi, kuma tsintsiya ta samu shiga, kada gara ta samu maɓoya. In ɗakin tayil ne, a yanko robar tsohon tub na mota a manna a tafin ƙafafun.

Akwai abu ɗaya da ba na sassauci a kansa. Yaro ɗan shekara biyu in ya ga wannan kanta, tsani ya gani, kuma zai hau. Da ya kama allon sama ya ja da baya, kanta za ta rabu da bango ta biyo shi da duk abin da ke kanta. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kife a kan yara sun mutu, alhali waɗannan a kan gindinsu suke tsaye. Don haka kowace kanta da ta fita daga hannuna sai na bi ta har ɗakin, na huda bango, na ɗaure kanta da ƙarfe biyu. Akan samu ɗan haya ya ce mai gida ya hana huda bango. Irin wannan nakan tambaye shi ko da ƙananan yara a gidan. In ya ce akwai, sai in ba shi haƙuri, in yi masa mai ƙafa huɗu, gajeriya, wadda ba ta wuce ƙugu ba.