Yadda Hotunanmu Suka Cinye Datar Iyaye

Bayan bikin raba kyaututtuka na zangon da ya wuce, aka ba mu, 'yan kulob ɗin jarida, aikin ɗora hotuna a shafin makaranta na intanet. Hotuna 60 muka zaɓa, duk da wayar malaminmu na kwamfuta aka ɗauke su. Muka jera su a shafi ɗaya, muka saita kowanne ya fito ɗan ƙarami kamar hoton fasfo, muka tafi gida muna murna.

Washegari sai ga ƙorafi. Wata 'yar ajinmu ta ce mahaifiyarta ta sayi data musamman don ta ga lokacin da ake miƙa mata kyautar lissafi. Shafin ya yi ta juyawa har datar ta ƙare, hoton 'yarta bai fito ba. Ranar ko a filin wasa ba mu iya haɗa ido da ita ba.

Malam bai yi mana faɗa ba, cewa ya yi mu duba nauyin hoto ɗaya. Kusan megabait 4 ne, faɗinsa ɗigo 4000. Da muka ninka sau 60 sai muka ga megabait 240! Ashe yadda hoton ke bayyana kawai muka rage. Wayar mai kallo sai ta sauke babban hoton gaba ɗaya tukuna, sannan ta matse shi. Kamar a ɗauko buhun gero daga kasuwa don a auni gwangwani ɗaya ne.

Sai muka yi wa kowane hoto ƙaramin kwafi mai faɗin ɗigo 300, muka ajiye shi a tsarin WebP, wanda kamfanin Google ya fitar a 2010. Kowanne ya dawo wajen kilobait 20, duka sittin ɗin ba su kai megabait 2 ba. Wanda ke son babban sai ya taɓa ƙaramin. Malam ya kuma sa hotunan ƙasa ba sa sauka sai mutum ya gangaro wajensu.

Wajen yanka su murabba'i ne muka sha dariya, don kwamfuta ta sare kan dogon hedboi ɗinmu a hotuna uku. Waɗannan da hannu muka gyara.

Ranar Litinin yarinyar ta same mu a ɗakin kwamfuta, ta ce mahaifiyarta ta ga hoton, har ta tura wa kakarta a WhatsApp.