Akwatin kasat na Baba

Mahaifina ɗan kasuwa ne. Albasar Galmi yake saye, ya loda wa babbar mota, ya kai har Abijan. In ya dawo, kowa da tsarabarsa. Shi kuwa tsarabar da yake yi wa kansa guda ce: kasat ɗin waƙa. Yana tara su cikin wani akwatin ƙarfe.

Bayan sallar isha'i sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa pil cikin rediyo. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, sai ya tsai da kasat ya ce: "To, kiɗin ina ne wannan?" Wanda ya gane, dabino ne ladarsa.

Ta haka muka san kowace ƙasa da irin kiɗinta. In kalangu ya tashi da ƴan amshi, Mamman Shata ne, na ƙasar Katsina. In kuntigi ne shi kaɗai, mai tsirkiya guda, Ɗan Maraya ne daga Jos. Ɗan Anace, mai yi wa Shago waƙar dambe, na ƙasar Sakkwato ne, Hausarsa kusa take da tamu ta Ƙonni. Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram ne. Ɗan Gurmu kuwa namu ne na Adar. Don tunawa da shi aka kafa gasar waƙa a Tawa a 1986.

Wata rana Baba ya sa mana wata waƙa da Turanci. Ya ce sunanta "sol", waƙar baƙar fatar Amurka. Ya ce su ma kowane gari da salonsa. A Ditiroyit, inda aka kafa gidan faifai na Motown a 1959, kiɗin yana da santsi, muryoyi a jere kamar an goge su. A Memfis kuwa, wajen Stax, ƙahonin busa ne ke gaba, murya kuma a shaƙe kamar mai kuka. Can Otis Redding ya yi suna, kafin ya mutu cikin haɗarin jirgin sama a 1967. Baba bai jin Turanci ko kaɗan, amma bai taɓa haɗa garuruwan nan biyu ba.

Bayan rasuwarsa na buɗe akwatin. Zafi da ƙura sun lalata zaren kasat ɗin. Wanda na sa duk, sai rediyo ya tauna shi. Na zauna na yi shiru.

Yau ana samun waƙoƙin nan cikin salula. Amma ran nan na tambayi ƴan ajina wa ya san Ɗan Gurmu, babu wanda ya ɗaga hannu. Sai na gane waƙa ba ta ɓace ba. Mai gaya mana daga ina ta fito, shi ne ya tafi.

Yara, kuna da kakanni a gida. Da daren nan ku tambaye su waƙar da suka fi so lokacin ƙuruciyarsu. Ku rubuta sunan mawaƙin, da garinsu, da abin kiɗinsa. Gobe ku zo da shi lakwal, mu karanta tare.